Kafin Ka Sayi Fili, Ka Auna Shi da Ƙafar Yaro

Shekarun baya na sayi fili a bakin wani ƙauye a ƙasar 'Yankwashi. Cikin watan Maris ne, ƙasa ta bushe ƙayau, kuɗin kuwa bai kai rabin na cikin gari ba. Na yi murna, na gina ɗaki biyu na ƙasa. Da watan Agusta ya zo sai na gane dalilin arahar. Ashe wurin kwari ne, ruwan unguwa duka a ƙofata yake taruwa. Bangon gabas ya zube, 'yata ƙarama kuma ta yi zazzaɓi sau uku a damina ɗaya.

Kuskurena shi ne na duba filin da idon babban mutum. Amma mu maza sammako muke yi zuwa gona ko wurin aiki. Yara da uwarsu su ne masu yini a gida, saboda haka bukatarsu ce ta kamata ta zama ma'auni.

Ruwan da ke zuwa da wanda za a sha

Ya maigida, kada ka biya kuɗin fili sai ka gan shi da damina, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. A wajen Kazaure da Roni akwai duwatsu, ruwa yakan gangaro daga kansu da gudu ya kwanta a kwari. Ambaliyar 2022 ta rushe gidaje da yawa a Jihar Jigawa, gidajen ƙasa ne kuwa suka fi shan wahala. Nemi tudu. Ka lura kuma hadari daga gabas yake tasowa, sai a ƙarfafa bangon wannan gefen da yaɓe mai kyau.

Ka yi nesa da kududdufi. Ruwan da ke kwance shi ne wurin haihuwar sauro, yaran da ke wanka a ciki kuma sukan kamu da tsargiya, wato fitsarin jini. Ƙananan yara ma sukan nutse. Sa'an nan ka tambayi mazauna wurin ko rijiyarsu takan ƙafe da bazara, gama yara ne za a riƙa aike ɗiban ruwa. In za ka haƙa rijiya, salga ta yi nesa da ita kamar mita 30, ta kuma kasance ta gangare.

Hanyar makaranta

A matsayina na malami na sha ganin yaro mai ƙwazo ya koma baya, ba don lalaci ba, sai don rafi yakan tare masa hanya kowace damina. Ka kama hannun ɗanka mai shekara 6 ku taka tare daga filin har makaranta, ka ga ko zai iya yin wannan tafiya kullum shi kaɗai. Haka kuma ka auna nisan asibiti da majami'a. Tafiyar da babba yake gani kusa ce, ga mace mai goyo da tsakar dare doguwa ce.

Mutane da yawa suna son bakin babban titin Kano zuwa Daura, wanda ya ratsa Kazaure, domin ciniki. Shago ya dace da bakin titi, amma gidan mai yara ya fi kyau ya ja baya, inda yaro zai bi ƙwallonsa waje ba tare da mota ta tarar da shi ba.

Yara suna girma

Jariran yau, nan da shekara 10 ɗaki ɗaya ba zai ɗauke su ba. Kada ka cika filin da gini tun farko. Bar wurin ɗakin samari kusa da zaure, na 'yan mata kuma daga ciki kusa da uwarsu. Bar tsakar gida mai fāɗi domin wasa da karatu, ka dasa darbejiya da zogale tun shekarar fari. Madafa da turken dabbobi su yi nesa da ɗakin barci.

Maƙwabta da takarda

Yaro yakan koyi halin unguwa kafin ya koyi karatu. Je ka zauna a wurin da yamma, ka ji irin maganar da samari ke yi, ka gaida maƙwabta, Musulmi da Kirista, gama su ne za su tsawata wa ɗanka sa'ad da ba ka nan.

A ƙarshe, kada ka dogara ga alkawarin baki. A yi ciniki a gaban mai unguwa da shaidu, a kafa iyaka, a rubuta. Bisa ga dokar filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakar fili a karkara, na birni kuwa yana hannun gwamna. Takardar nan ita ce za ta tsare 'ya'yanka da uwarsu ran da ba ka da rai.

Ni dai na sayar da filina da hasara, na koma kan tudu kusa da makaranta. Ku shawarta da uwargida tun kafin kuɗi su fita daga aljihu. Allah ya ba mu hikima.