Karatun Jami'a Tsakanin Makwabta: Darasin da Ke Cikin Shirin WASCAL

Tsakanin Katsina da Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, kuma fari ɗaya ne ke ƙone geron ɓangarorin biyu. Duk da haka, malamin jami'ar da ke nazarin hamada a arewacin Najeriya ya fi sanin abin da ake rubutawa a Ingila a kan abin da takwaransa na Yamai ya gano. Wannan gibi gadon mulkin mallaka ne. Jami'o'in ƙasashen rainon Ingila sun dubi Landan, na rainon Faransa suka dubi Paris, kowa ya ba maƙwabcinsa baya. Toshe gibin ba sai an jira wata babbar yarjejeniya ba, domin akwai shirin da ya riga ya nuna hanya.

Shirin shi ne WASCAL, cibiyar nazarin sauyin yanayi da amfani da ƙasa a Afirka ta Yamma, wadda ma'aikatar ilimi da bincike ta Jamus ta ɗauki nauyin kafawa tun daga 2010, hedikwatarta tana Akra. Hikimarsa tana cikin rabon aiki. Maimakon kowace ƙasa ta yi ta faman buɗe kowane fanni da malamai biyu ko uku, sai aka ba kowace jami'a fanni guda ta riƙe shi domin yankin baki ɗaya. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ta ɗauki makamashi, ta Abomey-Calavi a Jamhuriyar Benin ta ɗauki albarkatun ruwa, ta Kumasi amfani da ƙasa, ta Dakar tattalin arziki, Najeriya kuwa ta samu gurbi biyu, a Akure da Minna. Duk ajin da aka buɗe, daga ƙasashen shirin ake zaɓo ɗalibansa. Saboda haka a zaure ɗaya za ka tarar da ɗan Mali da ɗan Gambiya da ɗan Togo suna duba alƙaluman ruwan sama na shekaru, kowa yana faɗin yadda damina ke sauka a garinsu. Kafin a shiga darasi ma, ana tura masu Faransanci su koyi Turanci, masu Turanci kuma su taɓa Faransanci. Bayan an watse, ɗalibin yana da abokan aiki a ƙasashe goma da zai iya buga wa waya idan ambaliya ko farin dango suka taso, kuma wannan ribar ta fi takardar shaidar kanta.

Za a ce ai kuɗin Jamus ne, ranar da suka janye shi ke nan. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce babban raunin shirin. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma abin da ya kamata a ɗauka shi ne tsarin, kuma tsarin ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Kuɗin da gwamnatin jiha ke kashewa ta tura ɗalibi guda Turai zai riƙe ɗalibai da dama a jami'ar maƙwabta, ga shi abin da za su karanta ya shafi ƙasar da za su dawo su yi wa aiki. Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, wadda ke cikin cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2014, ta riga ta karɓi ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta, ba ta kuma durƙushe ba.

Wasu kuma za su tuno da digirin bogi. A Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Abin takaici ne, sai dai rashin haɗin kai ne ya haifar da shi. Da hukumar kula da jami'o'in Najeriya tana musayar sunayen makarantun da aka amince da su da CAMES, majalisar da ke sa ido kan ilimi mai zurfi a ƙasashen rainon Faransa, wadda a Yamai aka kafa ta a 1968, da 'yan damfara ba su samu ƙofa ba. Ɗalibin kirki da ya yi digirin farko na shekara uku a Damagaram shi ma da bai sha wahalar bayyana wa ma'aikaci a Abuja dalilin da ya sa nasa bai kai shekara huɗu ba.

Siyasa ta ƙara dagula lamarin. An rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Wannan ne ma ya sa bai kamata jami'o'i su jira shugabanni ba. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tana nan tun 1971, kuma ba a ƙarƙashin ECOWAS take ba. Shugabannin jami'o'in Sakkwato da Katsina da Kano su zauna da na Tawa da Maraɗi da Damagaram, su raba fannoni a tsakaninsu, su amince da makin da ɗalibi ya samu a ɗaya ɓangaren, gwamnonin jihohin kan iyaka kuma su ware kuɗin a kasafinsu.