Injin Tace Ruwa Na Ɗiga? Ba Lallai Jabu Ba Ne

Hutun da ya wuce na je gida Dangoma, a ƙaramar hukumar Kalgo, na tarar Inna ta yi fushi da injin tace ruwan nan da ake kira RO, wanda yayana ya sayo mata saboda ruwan burtsatsenmu na da ɗanɗanon kanwa. Awa guda, ko kofi biyu bai cika ba. Har ta koma aiken yara sayen ruwan leda. Ta ce, "Kai ɗan boko, duba min wannan abu, ko an cuci yayanka ne?"

Da na duba, injin lafiyarsa lau. Matsin ruwa ne babu.

A cikin injin akwai wani tantani mai ƙofofi ƙanana ƙwarai, waɗanda ke tare gishiri su bar ruwa ya wuce. Amma ruwan ba ya ratsawa sai an danna shi da ƙarfi: aƙalla psi 40, in son samu ne 60. To tankin da ke bisa ƙarfe fa? Kowace mita ɗaya ta tsawo psi 1.4 kacal take bayarwa. Namu mita biyar ne, wato psi bakwai ke nan. Kafin ka samu 40 sai ka ɗaga tanki kusan mita 28. Wa zai iya?

Maganin shi ne ƙaramin injin tura ruwa, busta, mai aiki da volt 24. Ana ɗaura shi bayan matatar farko mai tare laka, kafin tantanin. Wutar da yake ci kaɗan ce, batirin sola ma ya ishe shi. A haɗa masa makunnin da ke kashe shi in tulun ajiya ya cika.

Amma kafin ka kashe kuɗi, duba abu biyu. Matatar farko in ta toshe, ita ma tana cinye matsi. A canza ta duk wata shida, ko kafin nan. Sannan iskar tulun ajiya, in babu ruwa ciki, ta tsaya wajen psi bakwai. Famfon keke ya isa a gyara ta.

Da muka sa bustar, ruwa ya zo, wanda ke zubewa a banza kuma ya ragu. Ragowar Inna ke tarawa tana wanke-wanke.

'Yan uwa ɗalibai, in kun je gida aka ce inji ya lalace, ku fara auna tsawon tanki.