Zafi da Launi: Adanawa da Wanke Fim ɗin Silaid

Fim ɗin silaid ya bambanta da nagatif ta fuska guda mai muhimmanci: fim ɗin da aka saka a kyamara shi ne hoton ƙarshe da ake haskawa da majigi. A nagatif, ana iya gyara launi yayin fitar da hoto a kan takarda. Silaid ba shi da wannan mataki, don haka kuskuren da ya auku yakan zauna a jikin hoton.

Launin silaid yana fitowa ne daga shimfiɗu uku na rini: rawaya, da shuɗi mai sirkin kore, da ja mai sirkin shunayya. Idan ɗaya ta canza fiye da sauran biyun, sai hoton ya rinjayi wani launi. Zafi ne babban abin da ke haddasa hakan.

Kafin ɗaukar hoto, kamfanin Kodak yana ba da shawarar ajiye fim a digiri 13 na ma'aunin Salshiyos ko ƙasa da haka, ajiyar dogon lokaci kuwa a firiza, a digiri 18 ƙasa da sifili. Idan an fito da shi, sai a bar shi cikin mazubinsa a rufe na 'yan sa'o'i, domin kada raɓa ta sauka a kansa. Bayan ɗauka kuma, a gaggauta wanke shi.

Hanyar wankin da ake bi ita ce E-6, wadda Kodak ya fito da ita a 1976. Sinadarin farko yana aiki a digiri 38 na kimanin minti 6, kuma ba a son zafin ya kauce fiye da digiri 0.3. Da ya kauce, shimfiɗun uku ba za su fito daidai da juna ba. Haka nan sinadarin da ya gaji, ko wanda ɗigon wani ya gurɓata, yana karkatar da launi.

Bayan wanki, silaid na bukatar duhu, da sanyi, da danshin iska na kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Idan ya haura 60, fumfuna kan tsiro. Kodachrome, wanda aka daina yi a 2009, yana daɗewa cikin duhu amma yana saurin kwaɗewa a hasken majigi. Tsohon Ektachrome kuwa yakan rasa shuɗin rininsa ko a cikin akwati, ya koma ja.

A Arewacin Nijeriya, inda zafin bazara ke haura digiri 40, damina kuma ta zo da danshi, silaid ɗin da ke ma'ajiyoyi da gidaje suna cikin haɗari. Waɗanda suka fara ja, ko suke tsamin wari, su ya kamata a fara kwafewa zuwa kwamfuta, domin rinin da ya gushe ba ya dawowa.