Ɗalibin da Ya Kai Kasuwar Kano Ɗakin Taro

Duk baƙon da ya taɓa tsallakowa ta Magama daga Maraɗi, 'yan kuɗinsa ƙulle a lalita, ya nufi Kano cin kasuwa, ya san fargabar da ke cikin tambayar nan: kai wane ne a kasuwar Kano da ba za a cuce ka ba? To, wannan tambaya sunan wani wasan kwaikwayo ne, kuma ɗalibi ne ya rubuta shi a zamanin Turawa.

Turawan mulki sun zo da al'adarsu ta wasan ban dariya na 'yan sha'awa, suka cusa ta a makarantu. A 1936 Dokta R. M. East na Hukumar Talifi ta Zariya ya fitar da littafi mai wasanni shida na Hausa domin 'yan makaranta. A ganin Turawa abin nishaɗi ne, yara su yi dariya su kwanta.

Bayan shekara biyu aka ɗauke Kwalejin Katsina aka mayar Kaduna. Cikin ɗalibanta akwai wani yaro ɗan gidan malamai daga Kano, haifaffen 1920, mai suna Aminu. Shi ya ɗauki wannan abin wasa ya wasa shi. Makarantar maza ce zalla, ba wani gwanin dandali a ciki, sai abokan aji. Su ne 'yan kasuwa, su ne mutanen ƙauyen da ake damfara. Kasuwar kuwa kowa ya san halinta: mudu mai lotsattsen gindi, da dillalin da ke cin la'ada gaba da baya yana rantsuwa. Ya ƙara da wani wasan, Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, ya taɓo zancen haraji, wanda a lokacin ba a ɗaga murya a kansa. Ni dai a ganina wayonsa ke nan, don da wuya ka hukunta yaro a kan abin da kai ma ka yi wa dariya.

Ba a buga wasannin a littafi ba. Aminu ya gama kwalejin a 1942, ya tafi koyarwa Bauchi, inda ya haɗu da Sa'adu Zungur. A 1950 Malam Aminu Kano ya ajiye alli a Maru, inda ya koma koyarwa daga baya, ya rungumi jam'iyyar NEPU.