Agogo mai auna nisa

Manomi a Gazawa yana auna gonarsa da taki. Mai ginar rijiya yana auna zurfi da gaba, mai saida ƙyalle kuma da kamu. Amma takin dogo ba ɗaya yake da takin gajere ba. Shi ya sa a lakwal ake koyon awo da metir, domin metir ɗaya ne ko a hannun wa yake.

Yanzu akwai wani agogo na hannu wanda ban da lokaci har nisa yake faɗi. Masu wasan golf suna sonsa ƙwarai.

Golf wasa ne da ya bunƙasa a ƙasar Sikotilan, ya bazu cikin duniya. Akwai filinsa a Kano. Fili ne mai faɗin gaske, wanda ya fi gonaki da yawa in an haɗa su. Cikinsa akwai ramu 18, kowane rami bakinsa bai kai santimetir 11 ba. Ɗan wasa yana bugun ƴar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Wanda ya gama da bugu mafi kaɗan shi ya ci. Ana yarda masa ya ɗauki sanduna har 14: wata tana kai ƙwallo nesa, wata kusa. To, wace zai zara? Sai ya san nisan da ke gabansa tukuna. A da, da ido da taki ake kintace. Yau sai ya dubi agogonsa ya ga an rubuta, misali, metir 140. Tun shekarar 2019 dokar wasan ta yarda da wannan awo, sai fa in masu shirya gasa sun hana.

Ƙaƙa agogo yake sanin nisa, ba igiya, ba taki?

Can sama, wajen kilometir 20.000 daga ƙasa, akwai taurarin ɗan Adam da Amurka ta harba. Na farko ya tashi a 1978. Ana kiran tsarin GPS. Kowane tauraro yana zagaya duniya sau biyu a kwana ɗaya, yana aiko da saƙo ta iska kamar rediyo. Saƙon yana cewa: ga wurin da nike, ga lokacin da na yi magana. Saƙon nan yana gudun kilometir 300.000 cikin sakan ɗaya. Ashe kafin ya iso ƙasa ya ci kashi ɗaya cikin 15 na sakan. Agogo yana duba jinkirin da saƙon ya yi a hanya, daga nan ya gane nisan tauraron. Kamar yaro ne da ya ga walƙiya, ya ƙirga har ya ji tsawa, ya ce hadarin yana nesa.

Tauraro ɗaya bai isa ba. Sai agogo ya ji aƙalla huɗu kafin ya san inda mai shi yake tsaye. Taswirar filin kuwa tana cikinsa tun da farko. Ya san inda mutum yake, ya san inda za a kai ƙwallo: sauran aiki lissafi ne.

Wannan dabara ta iso ƙasarmu, amma ba don wasa ba. Tana cikin wayar salula. Tana kuma hannun ma'aikatan hukumar filaye da ake kira Kofo, wadda aka kafa bisa dokar karkara ta 1993. A Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji, mutane sun yi yawa, gonaki sun matsu, rabon gado yana ƙara yanka su ƙanana. Ma'aikaci yakan bi iyakar gona da na'urar GPS a hannu. A kowace kusurwa ya tsaya, ya rubuta lambobin wurin, mai gari da maƙwabta suna shaida. Haka ake auna burtali, don dabbobi su wuce ba su shiga shuka ba.

Amma na'urar takan yi kuskuren metir kaɗan, balle a ƙarƙashin babban icce ko kusa da bango. Ga ɗan golf wannan ba kome ba ne, ƙari dai ya sake bugu. Ga manomi fa? A ce iyaka mai tsawon metir 100 ta goce da metir 3. An ci metir murabba'i 300 ke nan, kusan layi uku na hatsi daga wannan kai zuwa wancan. Abin da bai kai haka ba ma yakan kai ƴan'uwa gaban sarki. Don haka ko an auna da GPS, manoma ba su tuge gamba da aguwar da kakanninsu suka dasa a kan iyaka.

Tambayoyi

1. Mi ya sa ɗan golf yake son sanin nisa kafin ya yi bugu?
2. Taurari nawa agogo yake bukata?
3. Ku auna tsawon filin lakwal da taki, sannan da metir. Takin wa ya fi kusa da metir ɗaya?