Bakin mai: Abin da lambobin jikin galan ke faɗa wa direbobin Konni

A bakin babbar hanyar da ta ratsa Birnin Konni, ba a rasa teburin mai sayar da bakin mai, galan-galan a jere da kwalabe cike. Direba yakan ɗiga man a yatsa ya murza, in ya ji kauri sai ya biya. Haka ake yi a garejin Malbaza, inda manyan motoci ke lodin siminti da albasar Galmi, haka kuma a Badagishiri da ke gundumar Illela, kan hanyar Tahoua.

Masu wannan al'ada suna da hujja. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a yankin, zafi kuwa yana tsinka mai. Sai dai yatsa ba ya gane man da inji ke bukata. Kamfanin da ya ƙera motar ya riga ya faɗa, amsar kuma tana rubuce a jikin galan.

Alama ta farko ita ce lambar SAE, kamar 20W-50 ko 5W-30. Lambar da ke tare da harafin W tana nuna saurin gudun man idan inji ya yi sanyi, ta biyun kuma kaurinsa a zafin digiri 100. Tsohuwar Peugeot 504 za ta iya zama lafiya da 20W-50. Amma yawancin sabbin motocin Toyota an ƙera su ne don 5W-30 ko 0W-20, saboda hanyoyin man cikinsu matsattsu ne. In aka zuba musu mai kauri, yakan makara kafin ya isa saman inji da safe, lokacin da ƙarafa suka fi cin juna.

Ta biyu ita ce alamar API, ta cibiyar man fetur ta Amurka. Harafin S na injin fetur ne, C na injin dizal. Harafin da ke biye yana nuna zamani: SN ya fito a 2010, SP a 2020. Motocin Turai kan bukaci alamar ACEA, wani lokaci har da lambar kamfani, kamar VW 502 00 ko MB 229.5. Matsalar ita ce motocin hannu da yawa suna isowa ba tare da littafinsu ba. A nan sai a duba murfin wurin zuba mai, ko a nemi littafin a intanet.

'Yan kabu-kabu kuma nasu daban ne. A yawancin babura, kulocin yana cikin man da ke shafe inji. Wasu man mota suna da sinadarin rage gogayya, wanda ke sa kuloci santsi, babur ya yi ta ihu ba ya ja. Alamar da za su nema ita ce JASO MA ko MA2.

Man da ake kira sintetik ya fi na gargajiya jure zafi, kuma ba ya saurin zama dauɗa a cikin inji. Amma kalmar kaɗai ba ta isa ba, dole lambobinsa su dace da motar. Tsadarsa kuma ba ta hana ƙurar hunturu shiga inji. Kamfanonin mota na lissafa tuƙi cikin ƙura a matsayin aiki mai tsanani, suna ba da shawarar a riƙa juye mai tun kafin nisan da aka saba, a canza matatar mai, a duba ta iska.

Akwai kuma jabu. Man da aka ɗura a kwalbar da ba ta da suna, babu mai sanin ko sabo ne ko tsohon da aka tace. Galan mai hatimi daga dillalin da aka sani ya fi tsada, amma bai kai kuɗin sauke inji ba, balle kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo ko dala.