Hasken Dare a Birnin Zazzau: Fitilu, Kuɗin Wuta da Taurarin Ɗan'adam

Gurɓacewar dare da haske na nufin yawaitar hasken fitilu a wurin da ba a buƙatarsa, ko a lokacin da babu mai amfana da shi, har ya dusashe taurari ya kuma dagula hutun mutane da dabbobi. Tana zuwa ta fuskoki uku: hasken da ke tashi sama ya lulluɓe gari, wanda ke kashe wa mai tafiya ido, da wanda ke tsallake katanga ya faɗa tsakar gidan maƙwabci. Na farkon ne ke raba mutane da taurari. Idan haske ya tashi sama, yakan ci karo da ƙura da hayaƙi da raɓar da ke cikin iska, ya warwatsu, wani ya dawo ƙasa. Sai sararin da ya kamata ya yi baƙi wuluk ya koma toka-toka, ƙananan taurari su nutse a ciki.

A wuri mai cikakken duhu, lafiyayyen ido kan ga taurari wajen 2,500 a lokaci guda. A tsakiyar manyan biranen duniya da ƙyar a ƙirga 'yan gomomi. Taswirar hasken dare da masanin ƙasar Italiya Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna kwana ƙarƙashin sararin da haske ya gurɓata, kuma kashi ɗaya cikin uku ba sa ganin farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama, wanda Larabawa ke kira Majarra. Chadi na cikin ƙasashen da abin bai taɓa sosai ba. Wani binciken da mujallar Science ta buga a 2023 ya gano cewa tsakanin 2011 da 2022 hasken sararin dare ya riƙa ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 kowace shekara. Bisa wannan lissafi, yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250 zai cika shekara 18 yana ganin 100 kacal.

Mazaunin birnin Zariya na iya jin wannan magana bambaraƙwai, kuma yana da hujja. Abin da ya fi damun mutanen Kwarbai ko Kofar Gayan shi ne ɗauke wuta, ba yawanta ba. A watan Oktoba na 2024 ma jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu lantarki. Duk da haka dare a birni ba kamar da ba ne. Janareta da batir da fitilun sola sun sa haske ya daina jiran kamfanin wuta. Gidajen mai, shaguna, teburan masu shayi da tukubar masu tsire duk suna da fararen fitilunsu, kuma wanda ya hau soro ya dubi arewa zai ga sararin Tudun Wada da Sabon Gari ya yi fari-fat, alhali yamma, wajen dutsen Kufena, da sauran duhu.

Ginin gargajiya na cikin ganuwa yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Gida mai zaure da doguwar katanga yana riƙe haskensa a ciki. Fitilar aci-balbal ko ta ƙwai da aka yi amfani da su shekara da shekaru ba sa haska abin da ya wuce ɗaki ko rumfa. Shi ya sa mai kwana a tsakar gida lokacin bazara ya saba da sama kamar yadda ya saba da unguwarsu. Ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Zara matar wata da Gamzaki mai fitowa da asuba, waɗanda a ilimin falaki abu ɗaya ne, wato duniyar Zuhura, tana bayyana wani lokaci da yamma wani lokaci da asuba. Malamai kuma sun riƙe lissafin manzilolin wata 28, kowanne kimanin kwana 13, wanda manoma ke bi don sanin shigar damina da fitarta. Ilimi ne da ake koya da nuni, don haka yana buƙatar a ga abin da ake nunawa.

Ta fuskar aljihu, lissafin a fili yake. Ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa zafi. Mai wat 60, idan ya kwana a kunne awa 12 kullum, zai ci yunit 21.6 a wata. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da shi, ya ci yunit 3.2. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin A, masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauta. Ba kowace unguwa ce ke cikin rukunin ba, amma idan aka ɗauki naira 200 a matsayin misali, ƙwan farko zai laƙume fiye da naira 4,300 a wata, na biyun kuwa ƙasa da naira 700. Mai janareta ya fi jin jiki, musamman tun bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Matsalar ta fi ƙamari a gidajen da ba su da mita, inda ake kawo takardar kuɗi bisa ƙiyasi: wanda ya kashe fitila da wanda ya bar ta har azahar kuɗinsu ɗaya, don haka babu mai damuwa.

Sai dai arahar LED ta zo da nata tarkon. Da haske ya yi sauƙi, wanda a da ƙwai ɗaya ya ishe shi sai ya rataya huɗu, kuma ya zaɓi farare tas masu ratsin shuɗi. Irin wannan haske ya fi warwatsuwa cikin iska, ya fi janyo ƙwari (duk wanda ya ga yadda shinge ke yi wa fitila dafifi a farkon damina ya san wannan), kuma yana rage sinadarin melatonin da jiki ke fitarwa don shirin barci. A jikin kwalin ƙwai akan rubuta lamba da harafin K: 6500K fari ne mai shuɗi-shuɗi, 3000K ko ƙasa da haka mai ruwan ɗorawa ne, kuma shi masana ke ba da shawarar a sa a waje.

Abin da ya fi launi muhimmanci shi ne inda fitila ta fuskanta. Ƙwan da aka rataya tsirara a ƙofar gida yana aika kusan rabin haskensa sama, kamar mai ban ruwan da ya karkata tiyonsa kan titi ya bar shuka. 'Yar hular kwano ko ta roba a kansa ta isa ta mayar da hasken ƙasa, har a iya rage ƙarfin ƙwan. Haka fitilun titi na sola: idan aka kafa su a miƙe suna kallon ƙasa sun yi aikinsu, idan aka ɗaga bakinsu don wai su haska nesa sai su kashe wa ɗan acaɓa ido. Batun tsaro ma ba ya rushe wannan. Fitila mai tsananin haske tana sa ƙwayar ido ta tsuke, lungun da ke gefenta ya ƙara duhu, a nan kuwa ɓarawo ke laɓewa. Fitilu masu na'urar jin motsi, da ke ƙara haske idan mutum ya matso su rage idan ya wuce, sun fi dacewa da lungunan birni, batirinsu kuma ya fi kaiwa asuba.

Kallon taurarin ɗan'adam na cikin abubuwan da har yanzu ake iya yi daga tsakar gida ba tare da na'ura ba. Ba su da hasken kansu; hasken rana suke mayarwa. Don haka ana ganinsu ne a lokacin da ƙasa ta yi duhu amma can sama rana na dukansu, wato awa ɗaya zuwa biyu bayan magariba da kuma kafin ketowar alfijir. Alamarsu ɗigon haske ne fari da ke tafiya a natse, babu ƙara, babu ƙyaftawa, ya ratsa sama cikin 'yan mintoci. Sau da yawa yakan dusashe ya ɓace yana tsakiyar tafiya, saboda ya shiga inuwar duniya. Jirgin sama kuwa, wanda mutanen Zariya suka saba gani tun da aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi a 1964, yana da fitilu ja da kore da wata mai walƙiya.

Mafi haske a cikinsu ita ce Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, mai tsawon mita 109, wadda ke tafiya a nisan kimanin kilomita 400 da gudun kilomita 28,000 a awa. Tana zagaya duniya cikin minti 90 da 'yan kai, kuma tun watan Nuwamba na 2000 ba ta taɓa zama babu mutum a ciki ba. Idan ta bi ta tsakiyar sama takan fi kowane tauraro haske. Tashar Sin mai suna Tiangong ma ana ganinta, haka madubin hangen nesa na Hubble, wanda hanyarsa ta fi kusa da yankinmu fiye da Turai. Manhajoji irin su Heavens-Above da Stellarium suna faɗin minti da kusurwar fitowar kowanne idan aka sa musu sunan gari. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma duba waya sau ɗaya na mayar da shi baya. Lokaci mafi kyau shi ne daren da ruwa ya wanke iska, ko kaka kafin hazon hunturu ya sauka.

Na Nijeriya ba sa cikin waɗanda ake gani cikin sauƙi. NigeriaSat-1, da aka harba daga Rasha a watan Satumba na 2003, ƙarami ne ƙwarai. NigComSat-1R, da ya tashi daga Sin a watan Disamba na 2011, yana nisan kusan kilomita 36,000, inda zagayensa ya yi daidai da juyawar duniya, sai ya zama kamar a tsaye yake. Dalilin da ya sa kwanon talabijin da ke kan rufi ba ya motsi ke nan. Alaƙar ƙasar Hausa da wannan fanni ta ma girmi waɗannan: a farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bin sawun kumbo a Kano, wadda ta yi aiki lokacin da John Glenn ya zagaya duniya a 1962.

Su kansu taurarin ɗan'adam sun fara zama wani nau'i na gurɓacewar sama. Kamfanin SpaceX ya fara harba na Starlink rukuni-rukuni a watan Mayu na 2019, kuma zuwa 2024 sun haura 6,000, akasarinsu a nisan kimanin kilomita 550. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka fara sayar da intanet ɗin Starlink, a watan Janairu na 2023. A 'yan kwanakin farko bayan harbawa, taurarin sukan bayyana a jere, ɗaya na bin ɗaya, abin da kan firgita wanda bai san labari ba, kafin su hau sama su rarrabu. Masana falaki suna kukan cewa suna ja musu layuka a hotunan da suke ɗauka, har kamfanin ya gwada shafa musu baƙi da sa musu kariya don rage ƙyalli, amma yawan da ake harbawa kowane wata bai ragu ba.